Raƙumi a ruwan 'yan tsaki: me ke riƙe babba a shirin yaran Japan?

"Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, na haura shekara 40, ina da 'ya'ya uku. Kwanakin baya na buɗe wa autana wani ɗan bidiyo a waya don ya bar ni in ci abinci, irin wanda ake sakin 'yar ƙwallo ta gangara ta bugi wannan, wannan ya ture wancan, har a ƙarshe wani ɗan allo ya tashi da rubutun Japananci. Yaron ya kalla sau biyu ya tafi wasansa. Ni kuwa yau wata biyu ke nan, da kowa ya yi barci sai in nemo irinsu in yi ta kallo, alhali ko kalma ɗaya ba na ji. Uwargida har tana yi mini tsiya wai girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Na san kun daɗe a harkar shirye-shiryen yara. Me ke cikin shirin yaran Japanawa da yake riƙe babba haka? Ko kuwa yarinta ce ta dawo mini?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A gaishe da uwargida, a ce mata karin maganarta ta zauna daidai, sai dai raƙuman da yawa. A can Japan ɗin ma har suna suke da shi: manyan da suka nace wa shirin yara ana ce musu "manyan abokai", rabi zolaya rabi yarda cewa suna nan kuma ba kaɗan ba ne.

Tambayarka gida biyu ce. Kana son sanin abin da masu shirin suka zuba a ciki, kana kuma son sanin ko akwai abin kunya a zamanka gaban waya da tsakar dare. Na biyun ba ya buƙatar dogon zance. Yarinta ita ce a ce abin da ke burge ka shi ne kalar da ƙarar, irin yadda jariri ke bin fitila da ido. Kai kuwa bisa bayaninka, abin da kake bi shi ne yadda wannan ya jawo wancan, kuma ka sani a ranka cewa hannun mutum ne ya jera su. Na farkon shi ne mai tsawo.

Abin da ka gani, in ban yi kuskure ba, daga shirin PythagoraSwitch yake, wanda tashar ilimi ta NHK, kafar watsa labarai ta ƙasar Japan, ta fara nunawa a 2002 domin yara 'yan shekara 4 zuwa 6. An ɗauko sunan daga Pythagoras, tsohon masanin lissafin nan na Girka. Waɗancan injinan wasa da ka kamu da su ba su ne shirin duka ba, tsakanin sassan shirin ake saka su kamar yadda ake saka kiɗan taken rediyo. Amma su ne suka fita duniya, domin ba su buƙatar tafinta.

Wa ake ba aikin

In za ka tambaye ni dalili ɗaya tak, zan ce maka: dubi mutanen da ake ɗora wa aikin. Wanda ya jagoranci wannan shiri, Masahiko Sato, ba malamin firamare ba ne. Ya yi shekaru a Dentsu, babban kamfanin talla na Japan, yana ƙirƙiro tallace-tallacen da mutanen ƙasar suka haddace ba da niyya ba. Shi ya ƙago wasan I.Q na PlayStation a 1997, sannan ya koma koyarwa a Jami'ar Keio, kuma ɗaliban ɗakin bincikensa ne suka fara harhaɗa injinan nan da rula da littattafai da kofin takarda da ƙwayar boris. Mutumin da sana'arsa ita ce kama hankalin babba cikin daƙiƙa 15 ne aka ce ya yi wa ɗan shekara 5 shiri. To yaya za a yi kai ka tsira?

Haka Design Ah, wanda ya fara a 2011. Taku Satoh, mai zana kwalayen kayan masarufi da ake gani a kowane kanti a ƙasar, da Yugo Nakamura, gwanin tsara fuskar shafukan intanet, da mawaƙi Keigo Oyamada, su ne suka haɗu a kansa. Akwai wani sashe a cikinsa da nake so ƙwarai. Za a ajiye abu ɗaya a kan farin teburi, a ce lemo ko akwatin abinci, sai ya fara warware kansa a gaban ido, ɓawo gefe, ɓari-ɓari gefe, har sai kowane ɗan ƙwaya ya jeru a layi. Babu mai cewa "yara ku duba". Kana gamawa sai ka ɗauki abin da ke kusa da kai, ko biro ne, ka fara tunanin gida nawa ne a cikinsa. Shirin ya ci lambar Peabody ta Amurka, wadda ba ta yara kaɗai ba ce.

Shi ma shirin koyar da harshe, Nihongo de Asobo na 2003, an kawo masa Mansai Nomura, ɗan gado a kyogen, wasan barkwancin gargajiya mai shekaru ɗaruruwa, aka haɗa shi da Konishiki, tsohon ɗan kokawar sumo haifaffen Hawai. Ba a sauƙaƙa wa yara komai ba. Tsofaffin waƙoƙi da jimlolin adabi masu nauyi ake ba su su rera, ko sun fahimta ko ba su fahimta ba, a kan cewa baki ya riƙe tukuna, ma'ana za ta biyo baya. Sanadin wannan shiri ne yara a faɗin ƙasar suka haddace Jugemu, wani suna mai tsawon tsiya daga tsohon labarin ban dariya, suka riƙa zazzago shi ga iyayen da su kansu ba su iya kai shi ƙarshe.

Me ya ba su wannan hali? NHK ba ta rayuwa da talla. Kowane gida mai talabijin an ɗora masa biyan kuɗin kallo, don haka tashar ilimin da ta buɗe a 1959 tana iya ba ƙwararre lokaci ya yi ta gwaji ba tare da wani mai sayar da alawa yana tsaye a kansa ba. Sannan akwai daɗewa. Okaasan to Issho, wato "Tare da Mama", tun 1959 yake gudana. Minna no Uta, shirin waƙa na minti 5 da ake sauya wa waƙoƙi duk bayan wata biyu, tun 1961. Yaron da ya tashi a gabansu ya girma ya zama mai zane ko makaɗi, kuma in an kira shi ya yi musu aiki, girmamawa yake ɗaukar abin.

Na faɗi wannan da ɗan ciwo a rai. Shekarun da na yi a gidan talabijin, sashen yara nan ne ake tura sabon ma'aikaci da wanda aka rasa inda za a kai shi. Kyamarar da ta fi kowace tsufa tamu ce, situdiyo kuma sai masu labarai sun gama. In ka ce kana son kwana uku don ɗaukar abin minti biyu, dariya za a yi maka, a ce "ai na yara ne".

Shirun da ake bari

Dalili na biyu ya fi wuyar gani domin rashin abu ne, ba samuwarsa ba. Ba sa cika bayani.

Ɗauki tattakin nan na PythagoraSwitch da 'yan barkwanci biyu na Itsumo Kokokara suke jagoranta. Da farko mutum ɗaya ake nunawa yana wasu motsi marasa kan gado: ya taka gaba, ya sunkuya, ya juya, ya wurga hannuwa gefe kamar mai iyo, ya yi kamar yana buga famfon keke. Kai da kake kallo za ka ce wannan ko lafiya. Sai a jera mutane a layi, kowa yana yin motsin nan ɗaya amma na baya yana makara da taki guda. Nan take sai ka ga daidai lokacin da wannan ya wurga hannu, na kusa da shi ya sunkuya, hannun ya wuce ta saman kansa. Duk motsin da ka raina ashe yana da abokin da ya dace da shi. Abin da ake koya wa yaro shi ne tushen aikin kwamfuta, cewa umarni ɗaya in an bi shi daki-daki yana haifar da tsari, amma babu wanda ya buɗe baki ya faɗi haka. An yi tattakin da 'yan ƙwallon ƙafa, an yi da ma'aikata cikin kayan aikinsu, har fursunoni ɗaruruwa a Cebu ta ƙasar Filifin sun yi nasu.

Wannan ɗan lokacin da kake cewa "au, ashe!" shi ne abin da kake nema da tsakar dare. Babba ba ya yawan samunsa. Labarai suna gaya maka abin da ya faru, mai sharhi yana gaya maka abin da za ka ji game da shi, wurin aiki an riga an tsara komai. Ga wani abu da ya ajiye maka guntaye ya ja da baya ya bar ka ka haɗa da kanka.

Al'adar ta girmi Sato. Daga 1970 zuwa 1990 akwai shirin Dekirukana, inda wani dogon mutum mai hula da ake kira Noppo-san yake yanka kwali da almakashi, yana liƙa da gam, yana ƙera abin wasa tare da wata dabbar tsana mai gashi. Shekara 20 bai furta kalma ba, hannunsa da fuskarsa ke magana. Sai a shirin ƙarshe ya buɗe baki, kuma waɗanda suka taso a lokacin har yau suna ba da labarin inda suke zaune da suka ji muryarsa. Mutumin da ya taka rawar ba ya son cewa "yara", "ƙananan mutane" yake kiransu, yana kuma yi musu magana da ladabin da ake yi wa manya. A ganina duk sirrin yana cikin wannan ɗabi'a. Wanda bai raina yaro ba, ba zai yi abin da babba zai ji kunyar kallo ba.

Mu kuwa me muke yi? Ni da kaina na rubuta irin shirin da Anti take tsayawa gaban yara 20 a kan tabarma, ta ba da labari, ta fassara labarin, ta fitar da darasin da ke ciki, sannan ta ce "Yara kun gane?" su amsa da "Eeeh!" alhali rabinsu kyamara suke kallo. Abin mamakin shi ne kakanninmu ba haka suke tatsuniya ba. Gizo yana yin ƙetarsa, wani lokaci ya sha wani lokaci a kama shi, a ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta da abin da ya tsinta.

Wata rana na ce sai mun gwada injin wasan nan. Mataki huɗu kacal: ƙwayar boris ta gangaro kan rula, ta ture tsofaffin kaset guda shida da muka jera, na ƙarshe ya faɗa kan cokali, cokalin ya cilla murfin lemo cikin gwangwanin tumatir. Muka ce kafin azahar mun gama. Ashe daɓen situdiyon a karkace yake, ba mu taɓa lura ba sai ran nan. Muka sa kwali a ƙarƙashin ƙafar teburi. Sai fanka ta riƙa kayar da kaset tun kafin a saki ƙwallon. Muka kashe ta muka zauna cikin zufa. Sai murfin ya riƙa tsallake gwangwanin da faɗin yatsa. Mun haura gwaji 30, an kira la'asar. Da murfin ya faɗa ciki ya yi ƙwal, mai ɗaukar hoton, dattijo mai jikoki wanda tun safe yake ƙunƙuni cewa an mai da shi yaro, shi ya fara yin kabbara, ya kuma manta bai tsayar da kyamara ba. Tun ranar, in na ga na Japanawa mai mataki 20 ko fiye an ɗauke shi a tashi ɗaya, babu yanke babu dabarar kwamfuta, ba ƙwallon nake gani ba, mutanen da ke bayan kyamara riƙe da numfashi nake gani. Ina jin kai ma jikinka yana ba ka wannan ko ba ka taɓa gwadawa ba.

Ba sa ɓoye wa yaro baƙin ciki

Akwai wani gefen da bidiyon injina ba zai nuna maka ba. A 1975 wani shirin yara na Fuji TV ya saki waƙa a kan taiyaki, wata irin waina mai siffar kifi da ake gasawa a tanda ta ƙarfe. Wainar ta gaji da gashin kullum, ta gudu ta faɗa teku, ta ɗan sha iskar 'yanci, sai mai kamun kifi ya kama ta ya cinye. Haka waƙar ta ƙare. An sayar da faifanta sama da miliyan 4.5, adadin da har yau babu faifan waƙa ɗaya da ya kamo shi a Japan, kuma ba kuɗin tara na yara ne ya saye su ba. Ma'aikatan ofis masu fita da duhu su dawo da duhu ne suka ga kansu a kan tandar.

Anpanman ya fi wannan zurfi. Jarumi ne da kansa burodi ne mai cike da markaɗaɗɗen jan wake. In ya tarar da mai jin yunwa sai ya gutsuro kansa ya ba shi, ƙarfinsa ya ragu, sai mai gashin burodi ya gasa masa sabo. Da littafin ya fito a 1973 manya ne suka yi tir da shi, wai rashin imani ne a nuna jarumi ana cinye masa fuska. Yara kuwa suka rungume shi. Mai ƙirƙirarsa, Takashi Yanase, ya yi soja a ƙasar Sin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sha yunwa, ƙanensa ya mutu a yaƙin, ya kuma ga abin da aka ce musu shi ne gaskiya ya juye dare ɗaya bayan an sha kaye. Matsayar da ya cimma ita ce, adalcin da ba ya juyewa shi ne ciyar da mai yunwa, kuma mai yinsa dole ya yi asarar wani abu nasa. Yanase yana da shekara 69 aka fara nuna Anpanman a talabijin a 1988. Waƙar buɗe shirin tana tambayar ɗan shekara 3 don me aka haife shi, me zai yi da rayuwarsa. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, gidajen rediyo sun yi ta samun roƙon a sa ta, kuma ba yara kaɗai suka yi kuka ba.

Su masu tashar NHK sun san da manya a bayan ɗaki. A 2010 suka buɗe wasu shirye-shirye biyu na minti 5, 0655 da 2355, sunan kowanne shi ne lokacin da ake nuna shi: bakwai saura minti biyar na safe, da sha biyu saura minti biyar na dare. Mutanen Sato ne suka yi su, da salon nan na shirin yara, 'yan waƙoƙi da zane da hotunan kyanwoyin masu kallo. Wane ɗan shekara 5 ne ke farke da sha biyun dare? Irinka aka yi wa.

Inda zan ja maka birki

Kada in sa ka ɗauka duk abin da ake nuna wa yaran Japan haka yake. Abin da ke tsallako teku ya iso wayarka zaɓaɓɓe ne, an riga an tace. Tarkacen yana can gida. Akwai kuma babban ɓangare da kasuwa ke jansa. Jerin Super Sentai da ya fara a 1975, wanda Amurkawa suka ɗauki hotunansa suka yi Power Rangers a 1993, da Kamen Rider na 1971, sun daɗe kusan kowace shekara sabon jarumi, sabon ɗamara, sabon mutum-mutumin ƙarfe, kuma duk suna jiran iyaye a kantin kayan wasa, ƙirar kamfanin Bandai. Su ma suna farautar manya, amma ta wata hanya: tun da aka ga yadda iyaye mata suka bi Joe Odagiri a Kamen Rider Kuuga na 2000, ake zaɓo kyawawan samari a ba su jarumta. A cikinsu akwai masu labari mai kyau, ban musa ba, sai dai jan da suke yi daban ne da wanda ka kawo tambaya a kai.

Sannan ni mai shirya shiri ne, da idon sana'a nake kallo, don haka ina iya fifita wahalar aiki fiye da yadda wani zai fifita ta. Wani abin da ke riƙe shi kawai natsuwa ce: farin fili, murya a hankali, minti biyar an gama, babu mai yi masa ihu ya danna wani abu. Wannan ma dalili ne mai kyau. Kuma duk wanda ba ya jin Japananci, irin su Nihongo de Asobo rabinsu kawai yake samu, domin wasan a cikin kalmomin yake, kamar a ba baƙo karin magana a ce ya ji daɗin lafazin.

Ta ɓangaren yaranka, ka riƙa duba abu kafin ka miƙa musu. Shirye-shiryen suna ɗauke da al'adun ƙasarsu, da dodanni da bukukuwan da suka samo asali daga addininsu, kuma ba kowane zanen Japan ne na yara ba, ko da fuskokin sun yi kama. Na injina da na zane-zanen kaya ba su da wannan damuwa.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka daina kallon kai kaɗai. Autan ya tashi bayan kallo biyu ne domin a wurinsa ƙwallo ta gangara ba labari ba ne, kullum yana gangarar da abubuwa. Ranar Asabar ka tara su ukun a tsakar gida, ka kawo rula, kwalin ashana, murafen lemo, cokali da gwangwani, ka ce kana son murfi ya faɗa gwangwani ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Kada ka nuna musu yadda za a yi, kada kuma ka gyara musu da wuri, ko da kana ganin kuskuren ƙuru-ƙuru. Wannan shi ne zai fi ba ka wuya. Ku fara da mataki biyu. Ka ba uwargida waya ta riƙe muku ɗauka. Ka kuma biya wurin mai gyaran babur ka karɓo ƙwayar boris kamar biyar, domin ta farko ƙarƙashin kujera za ta shige tun kafin ku fara.